Ɗaga Bayan A-kori-kura: Abin da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Sani Kafin Ya Shiga Gareji

A duk kasuwar da Bahaushe ya kafa rumfa, daga Techiman zuwa Dantokpa, daga Garwa zuwa Njamena, akwai motar da ba ta san hutu ba, ita ce a-kori-kura. Ita ke kwaso masara daga ƙauye, ita ke raba albasa rumfa-rumfa bayan babbar mota ta sauke, ita ke kai kayan ɗakin amarya, ranar suna ma ita ke jigilar kujeru da tukwane. Kuma da wuya ka ga wadda aka saya da kuɗin mutum ɗaya. In ka bincika, akwai adashin uwargida a ciki, akwai rancen ɗan'uwa, wata ma har da kuɗin gonar gado da aka sayar a gida.

To ranar da irin wannan mota ta fara zama, wato bayanta ya yi ƙasa hancinta ya kalli sama, shawara ba ta wuya. Kowa a tasha ya zama bakanike. Wannan ya ce a ƙara mata falle biyu na sifirin, wancan ya ce a saka mata ƙarfe a ƙarƙashi, wani ya ce manyan tayoyi kawai take buƙata.

Na daɗe ina fataucin hatsi tsakanin arewacin Gana da Kumasi, kuma zaman jiran gyara a Suame Magazine ya koya mini abubuwa da dama game da bayan mota. Babban cikinsu shi ne: ɗaga mota daban, ƙara mata ƙarfin ɗaukar kaya daban. Ana iya ɗaga bayan a-kori-kura ta hanyoyi da yawa, wasu masu kyau, wasu masu haɗari, amma babu ko ɗaya da ke mayar da motar tan 1 ta zama ta tan 2. Wanda ya riƙe wannan, sauran bayanin zai zo masa da sauƙi.

Me ke sa bayan ya zauna?

Yawancin motocin da muke aiki da su, irin su Toyota Hilux da aka fara ƙerawa tun 1968, da Mitsubishi L200, da Isuzu D-Max, da Ford Ranger, har da tsohuwar Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, wadda 'yan'uwanmu na ƙasashen renon Faransa ke kira bashe, duk bayansu a kan sifirin mai falle-falle yake zaune. Fallayen ƙarfe ne masu lanƙwasa da aka jera kan juna, dogo a sama, gajeru a ƙasa. A Nijar da Kamaru da Cadi za ka ji ana ce musu lam. Ƙusa ɗaya ce a tsakiya ke haɗe su, wadda makanikai ke kira santabol. Ƙarafa biyu masu siffar harafin U, wato yubol, su ke ɗaure su a jikin aksul. Ƙarshen sifirin na gaba a kafe yake a jikin shasi, na baya kuma yana rataye ne a wani ɗan ƙarfe mai lilo da ake kira shakul, don sifirin ya samu wurin miƙewa idan nauyi ya danne shi.

Kamfani da gangan yake ƙera motar bayanta ya ɗan fi gabanta tsayi idan babu kaya, don in an yi lodi ta daidaita. Saboda haka in ka ga motarka ba kaya amma gaba da baya sun zo daidai, ta riga ta fara gaya maka cewa ta gaji.

Abu uku ne ke sa baya ya zauna. Ko dai ƙarfen ya gaji saboda shekaru, ko wani abu ya karye, ko kuma lodin ne ya fi ƙarfinta. Kowanne da maganinsa, kuma gane su ba ya buƙatar ko sisi. Sauke komai, ka tsayar da ita a wuri mai lebur, ka ɗauko tef ɗin tela ka auna daga tsakiyar wili zuwa bakin bodi, hagu da dama. In wani ɓangare ya fi wani zama da kamar inci 1 ko fiye, duƙa ka duba, wataƙila falle ya tsage ko robar da ke idon sifirin ta cinye. Sannan ka dubi ɗan dunƙulen robar da ke tsakanin shasi da aksul. Aikinsa shi ne ya tare bugu idan mota ta faɗa babban rami. In ka ga wurin da yake bugawa ya yi sumul yana ƙyalli, to kullum a kansa motar take tafiya, sifirin ya daina aiki ke nan. In kuwa ba kaya tana tsaye ƙyam, sai an yi lodi take durƙushewa, to laifin ba na sifirin ba ne.

Lissafi kafin gareji

Akwai ɗan faranti ko takarda da kamfani ke mannawa a jikin ginshiƙin ƙofa ko cikin ɗakin inji. A nan ake rubuta iyakar nauyin motar gaba ɗaya, ita da duk abin da ke cikinta, a wasu ma har da iyakar abin da kowane aksul zai ɗauka. A ƙasashen da ake amfani da Faransanci, wannan adadi yana cikin kartigiris, an rubuta masa PTAC. Cire nauyin motar ba kaya daga wannan adadi, abin da ya rage shi ne rabonka. A irin motocin nan, kusan tan 1 ne, wata ta ɗan haura, wata ta ɗan gaza.

Amma fa tan ɗin nan ba na buhuna ba ne kaɗai. Mu ɗauka kilo 1,000 ne. Direba da yaron mota da kai mai kaya, ku ukun kun cinye kamar kilo 210. Kejin ƙarfen da mai walda ya ɗora a baya, a ce kilo 80. Ƙarin taya da jarkar mai da kayan aiki, kilo 60. Abin da ya rage kilo 650 ne, wato buhun masara mai kilo 100 guda 6 da rabi, ko buhun siminti 13. Yanzu ka tuna buhu nawa aka ɗora wa motarka a makon jiya.

Sannan inda aka ajiye kayan ma lissafi ne. Aksul ɗin baya kamar tsakiyar sikeli yake, abin da ka ɗora bayansa yana ɗaga gaba. Tsakanin tayar gaba da ta baya a Hilux ta zamani ya ɗan wuce mita 3. In ka buɗe ƙofar baya ka jera kilo 300 a nisan mita 1 bayan aksul, abin da aksul ɗin zai ji ya kusa kilo 400, tayoyin gaba kuma su rasa kusan kilo 100 na nauyin da ke danne su a ƙasa. Da tayoyin gaban nan ake juya sitiyari, kuma su ke yin mafi yawan aikin birki. Shi ya sa direba zai ce maka mota tana yawo a hannunsa. Sau da yawa, matsar da kaya masu nauyi zuwa jikin kan mota, a bar marasa nauyi a baya, yana gyara rabin matsalar ba tare da an kwance ko noti ɗaya ba.

Hanya ta farko: sabon sifirin gaba ɗaya

Wannan ita ce hanyar da ta fi tsada, kuma ita ta fi kwanciyar hankali. In ƙarfen ya gaji, sabon jeri irin na kamfani zai mayar da motar tsayinta na asali. In kuwa aikinka kullum da kaya ne, akwai sifirin da aka ƙera musamman don motar da ba a rabuwa da nauyi a bayanta. Kamfanonin Ostireliya irin su Old Man Emu da Ironman 4x4 da Dobinsons sun yi suna a wannan fanni, kuma suna rubuta nauyin da aka yi kowane jeri dominsa. Irin wannan yakan ɗaga baya da kamar inci 2, wato santimita 5.

Abin lura biyu ne. A canza hagu da dama tare, kada a yi ɗaya a bar ɗaya. Sannan a zaɓi wanda ya dace da nauyin da ake ɗauka kullum, ba na ranar da aka fi yin lodi a shekara ba. Sifirin da ya fi ƙarfin aikinsa yana sa mota tsalle kamar ɗan akuya idan ba kaya, kuma a hanyar burji mai gargada bayan yana iya zamewa.

In na hannu za ka saya, a Abossey Okai ne a Akra, ko Camp Yabassi a Duwala, ko Ƙofar Ruwa in ka je gida Kano, kada fenti ya ruɗe ka. Kifa jerin a ƙasa kusa da ɗan'uwansa ka ga ko lanƙwasarsu ɗaya ce, ka duba tsaga kusa da ramin santabol da wajen ido, don a nan ƙarfe ya fi karyewa.

Hanya ta biyu: ƙarin falle

Ita ce muka fi sani, don ta fi sauƙin kuɗi. Ana kwance jerin, a cusa falle ɗaya a tsakani, a mayar. Takan ɗaga mota da inci 1 zuwa 2, kuma tana ƙara wa sifirin tauri. In sauran fallayen suna da lafiya, aiki ne mai kyau.

Sharuɗɗanta su ne: faɗin sabon fallen ya zo daidai da na sauran, tsawonsa ya shiga tsakanin na samansa da na ƙasansa kamar matakala, a sa sabon santabol da sababbin yubol masu tsawon da ya isa. Dogon falle ya fi gajere mai kauri, don gajeren yana tara wahala a wuri ɗaya har ya karya na samansa. Abin da ba ya yi shi ne cusa sabon falle cikin jerin da ya riga ya mutu. Wata biyu ko uku zai riƙe, daga nan shi ma ya bi sahu. Haka nan masu ƙara falle huɗu ko biyar har sifirin ya koma kamar gungume, su sani duk bugun da sifirin ya ƙi shanyewa, shasi ne da boris da taya ke shan sa.

Hanya ta uku: sake lanƙwasa tsohon

Akwai masu kwance fallaye su sake ba su lanƙwasa, ko da injin matsa ƙarfe ko da guduma a kan maƙera. In a sanyi aka yi, kuma gwani ne ya yi, mota za ta tashi, sai dai ƙarfen da ya gaji ya gaji, a hankali zai koma inda ya fito. Dabara ce ta wanda ke son ya kai ƙarshen kaka kafin ya tara kuɗin sabo.

Wanda nake roƙon kowa ya guje masa shi ne gasa falle da wutar walda don ya yi laushin lanƙwasawa. Ƙarfen sifirin a masana'anta aka gasa shi aka sanyaya bisa ƙa'ida, daga nan ya samu halinsa na lanƙwasa ya dawo. Wutar gareji tana kashe wannan hali, wani wuri ya yi laushi, wani wuri ya yi gautsi. Haka ma like karyayyen falle da walda, a gefen ɗinkin zai sake karyewa, kuma ba ya sallama kafin ya karye. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Hanya ta huɗu: dunƙulen ƙarfe tsakanin aksul da sifirin

Wannan dunƙule yana ɗaga bodi daidai kaurinsa, amma bai ƙara wa sifirin ƙarfin komai ba. In da tana zama inci 3 da kaya, yanzu ma inci 3 za ta zauna, sai dai daga sama ta faro. Kuma a motar da sifirin ɗinta ke saman aksul kaɗai yake aiki, kamar Hilux mai jan ƙafa huɗu. A motar da sifirin ke ƙarƙashin aksul, kamar Land Cruiser 79, dunƙulen sauke ta zai yi.

Illarsa ita ce yana nisanta aksul daga sifirin, sai ya zama duk sanda aka taka mai da ƙarfi ko aka taka birki, aksul yana murɗa sifirin. In dole ne a sa, kada ya wuce inci 2, ya zama guda ɗaya na ƙarfe mai ƙwari, mai ɗan hanci da rami da za su kama santabol. Kada a ɗora biyu kan juna. Katako kuwa, wanda na sha gani a motocin ƙauye, ko a mafarki kada ka yarda. Yana matsewa, yubol su saki, aksul ya goce.

Hanya ta biyar: dogon shakul

A nan ana canza ɗan ƙarfen nan mai lilo da wanda ya fi shi tsawo. Tunda ƙarshe ɗaya kawai na sifirin aka sauke, abin da mota ke tashi kusan rabin abin da aka ƙara ne: ƙarin inci 2 ya ba ka inci 1. Yana da araha, amma shi ma bai ƙara ƙarfi ba, yana karkata bakin aksul inda farfela ke shiga, kuma in ya yi tsawo da yawa bayan mota yana rangaji a kwana. Wanda aka yanko daga kowane irin ƙarfe aka huda a bakin titi, ba abin da za a rataya tan guda a kansa ba ne.

Hanya ta shida: jakar iska da robar taimako

Jakar iska wata roba ce mai kauri da ake ɗaurawa tsakanin shasi da aksul, a hura mata iska kamar taya. Firestone da Air Lift suna cikin sanannun masu yin ta. Daɗinta shi ne in za ka yi lodi ka ƙara iska, in ka sauke ka rage, mota ta dawo da laushinta. Ga wanda ke tafiya da kaya ya dawo wayam, wannan ba ƙaramin amfani ba ne. Galibinsu ana so kada iskar ta gaza psi 5, kada ta wuce psi 100, wato kusan bar 7. A ba kowace jaka bakin hurawarta daban, don in aka haɗa su a tiyo ɗaya, iska tana gudu daga ɓangaren da aka danne zuwa ɗayan a kwana, mota ta ƙara kwantawa.

Sai dai ita ce ta fi kowace hanya iya ɓoye laifi. Wani maƙwabcina a kasuwa ya sa wa motarsa mai ƙofa huɗu, ya ga ko buhu nawa aka ɗora tana tsaye daram, sai ya riƙa ƙarawa. Sifirin yana raba nauyi ne a wuri biyu a jikin shasi, jakar kuwa wuri ɗaya take tokarewa. Wata rana a hanyar dawowa daga ƙauye ya faɗa wani kwari da gudu, shasin ya lanƙwashe daidai bayan kan mota. Kuɗin gyaran ya ci ribar kakar gaba ɗaya, kuma har yau motar ba ta daidaita ba. Garin neman gira aka rasa ido.

Akwai kuma dunƙulen roba mai rami a ciki, irin na kamfanin Timbren, da ake sawa a madadin ƙaramar robar tare bugu. Ba ya ɗaga mota idan ba kaya, sai an yi lodi yake tallafawa, kuma ba ruwansa da iska balle ya yi faci.

Abubuwan da ake zaton suna ɗagawa

Shokazoba ba ta ɗaukar nauyi. Aikinta hana mota ci gaba da lilo bayan ta taka rami. Sabuwa za ta gyara tafiya, ba za ta tayar da bayan da ya zauna ba. Manyan tayoyi kuwa suna ɗaga motar duka da rabin abin da aka ƙara a faɗin da'irarsu, amma tazarar da ke tsakanin taya da bodi raguwa take yi, birki da jan mota su yi rauni, agogon gudu kuma ya riƙa nuna ƙasa da gudun da ake yi. Sannan masu wasu sababbin Nissan Navara masu ƙofa huɗu su duba da kyau, bayansu sifirin mai naɗi ne irin na gaba, ba mai falle ba. Maganinsu shi ne naɗi mai ƙarfi ko jakar iska.

Abin da ɗagawa ke taɓawa

Wani dattijon bakanike da nake kai wa mota ya taɓa ce mini, "Alhaji, ɗagawar ai aikin yara ne. Abin da ke biyo bayanta shi ne aikin." Na ce, "Masta, kamar me?" Sai ya ja ni ƙarƙashin motar ya nuna mini wani siririn ƙarfe da ya taso daga aksul zuwa wani ɗan bawul a jikin shasi.

Wannan bawul yana cikin yawancin tsofaffin a-kori-kura marasa ABS. Shi ke auna yadda baya ya zauna. In ya zauna sosai, ya san akwai kaya, sai ya ƙara wa tayoyin baya ƙarfin birki. In baya yana sama, sai ya rage, don kada tayoyin su kulle. To ka ɗaga mota inci 2 ba ka gyara shi ba, ga kaya maƙil amma shi yana ganin wayam take, sai ya hana baya birki, aikin duka ya koma kan tayoyin gaba. Wanda ya san gangaren dutsen nan da ke tsakanin Ngaundare da Garwa ya san abin da ake nufi da birkin gaba ya yi zafi a tsakiyar gangara. Gyaran ɗan ƙarfe ne kawai da za a ɗaga mahaɗin da shi daidai yadda aka ɗaga motar, amma sai ka tambaya ake yi.

Sauran abubuwan dubawa su ne tiyon birki da wayar birkin hannu da wayar ABS, a tabbata ba su ɗame ba idan aksul ya sauka iyakarsa. Shokazoba ma tsawonta ya dace da sabon tsayin, in ba haka ba ita za ta riƙa riƙe aksul har ta tsinke. In ka ji mota tana kakkarwa lokacin tashi, kusurwar farfela ce ta canza, a gyara ta kafin ta ci kurosa. Fitilun gaba kuma a sake saita su.

Kada a manta da taya. A jikin kowace akwai lambar da ke nuna iyakar nauyinta: 100 tana nufin kilo 800, 104 kilo 900, 106 kilo 950, 112 kuma kilo 1,120. Tayoyi biyu ne kacal a bayan motarka, kuma su ke ɗauke da nauyin bayan motar kanta kafin a zo ga buhuna. Sifirin ko na jirgin ƙasa ka sa, wannan lamba ba ta canzawa. Haka aksul, haka boris, haka birki.

Abu na ƙarshe, duk inci ɗaya da aka ƙara, nauyi ya ƙara yin sama, kuma mota mai dogon lodi ta fi saurin kifewa a kwana ko in taya ta fashe. Ga motar kasuwa, inci 2 ya isa.

Ranar aikin

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ka kai mota a ɗaga yau, gobe da asuba ka yi lodin Kwatano. Ka tsaya a wurin ka ga aikin da idonka. A tokare shasi da ƙafafun ƙarfe, kada yaron kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A kama jerin sifirin da matsi kafin a kwance santabol, don fallayen suna iya watsewa su ji wa mutum. Yubol sababbi za a sa, tsohon ya riga ya miƙe, ba ya sake kamawa yadda ya kamata. Notocin idon sifirin da na shakul kuwa sai an sauke mota ta tsaya da ƙafafunta ake ƙarasa ɗaure su, in ba haka ba robobin za su murɗe su yage da wuri. Bayan tafiyar kamar kilomita 500, ka koma a sake ɗaure yubol, don sababbin fallaye suna kwanciya su bar sarari.

Ka kuma tuna da hukuma. Ko DVLA ce a Gana, ko masu bizit teknik a Benin da Togo da Kamaru, nauyin da ke rubuce a takardar motarka shi suka sani, ba adadin fallayen da ka ƙara ba. Mu baƙi ne a ƙasashen nan, kuma in tsautsayi ya faɗa aka tarar lodi ya wuce ƙa'ida, maganar inshora da ta 'yan sanda takan yi wa baƙo tsawo.

Kalma ga mutanen gida

Uwargida, ke da kuɗinki ke cikin motar nan, kina da bakin magana. Ba sai kin san sunan kowane ƙarfe ba. In Maigida ya ce zai kai mota a ɗaga, tambaya uku sun isa: gajiya ta yi ko kaya ne suka yi mata yawa? An duba birkin baya bayan aikin? Buhu nawa takardarta ta yarda a ɗauka? Sannan ki dage a kan abu ɗaya, kada a ɗora yara ko 'yan'uwa a saman lodi, ko da tafiyar ba nisa.

Mu kuma masu mota, in lissafi ya nuna cewa kullum kayanmu sun fi tan 1, to kasuwa ce ta yi albarka har ta fi ƙarfin a-kori-kura, sai mu gode wa Allah mu yi abin da ya dace. A yi sawu biyu, ko a haɗa kuɗi da abokan fatauci a ɗauki hayar Canter ko Dyna, ko a fara tarin sayen babba. Kuɗin man sawu na biyu ana mayar da shi a ciniki ɗaya. Shasin da ya karye yakan ci shekara ana biyansa, rai kuwa ba a sayar da shi a kowace kasuwa.

Allah ya tsare mana hanya, ya sa albarka a nema, ya mayar da kowa ga iyalinsa lafiya.